Hular Kwanon da Na Saya wa Nura

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni. Ina zaune a shagona na wankin hula a Badarawa, ina goge wata zanna-bukar da na tanada domin ranar suna. Kwana uku ke nan da matar jikana Nura ta sauka, an sami namiji. Tun ranar bakina bai rufu ba. Duk wanda ya kawo wanki sai ya ji cewa Malam Garba ya ga tattaɓa-kunne. Ina cikin wannan murna sai ga Isiyaku, abokin aikin Nura, ya sauko daga keke napep, hannunsa ɗaure da bandeji. Ya durƙusa a bakin shago ya kasa gaishe ni. Na ce, "Ina abokin naka?" Ya ce, "Baba, sai haƙuri." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Nura a hannuna ya tashi bayan rasuwar mahaifinsa. Shi ne ya matsa mini na shiga ajin manya na yamma, lokacin gemuna ya riga ya yi fari. Idan na dawo sai ya karɓi littafina ya duba, ya ce, "Tsoho, wannan baƙi ne ko tafiyar kyankyaso?" Ni kuma in ce masa ranar da aka haife shi ungozoma sai da ta tsorata da girman kansa. Haka muke, jika da kaka. Wannan rubutun da kuke karantawa, da haƙurinsa na koya.

Aikinsa a wata babbar gona ne a bayan gari, wajen hanyar Zariya. Yana tuƙa ƙaramar motar daji mai ƙafa huɗu, wadda ba ta da ƙofa ba ta da gilashi, sai ƙarafuna a sama. Da ita yake kai taki da iri inda babbar mota ba ta shiga. Ban taɓa ganin mai tsantseni da kansa kamarsa ba. Ranar da zai sayi hular kwano, tef ɗina ya ara ya auna kansa. A kasuwa ya sa ta, ya ɗaure igiyar haɓa, ya yi ta girgiza kai kamar rago, ya ce idan ta motsa ba tasa ba ce. Ya taɓa soson da ke cikinta, ya duba ko ta taɓa faɗuwa. Tabarau kuma ya ƙi baƙi, ya ɗauki fari mai roba da ke manne wa fuska, wai baƙi yana ɓoye rami a inuwar itatuwa, kuma ƙwaro ɗaya a ido ya isa ya kifar da mota. Na yi masa dariya na ce ya zama kwaɗo. Ya ce, "Tsoho, kai ɗaya gare ni, kuma ban ga inda ake sayar da wani ba." Yakan kuma ce, "Hular kwano idan ba ta ɗan matse ka ba, ta wani ce."

Abin da ya dame ni shi ne, idan ya tsaya da babur ɗinsa a bakin shagona ya cire ta, sai ya gaishe da dattawa kai ba hula. Jikan mai wankin hula! Har wani abokina ya ce, "Malam Garba, hulunan sun ƙare ne?" Na yi masa magana sau da yawa. Ya ce hular kwano ba ta karɓar baƙo, ita kaɗai take zama a kai.

Da aka yi haihuwar nan, murna ta ɗebe ni na ce sai na yi masa kyauta. Na tafi kasuwa da kaina na zaɓi hular kwano ja mai ƙyalli, babba. Mai shagon ya ce, "Baba, wannan ta yi wa kowa yawa." Na ce haka nake so, domin hula ta shiga ƙarƙashinta ba tare da ta lanƙwashe ba. Shekara hamsin ina auna kawunan mutane. Na san lambar kan Nura kamar yadda na san sunana. Ba kuskuren awo na yi ba, da gangan na ƙara.

Na ba shi a gaban mutane, haɗe da sabuwar hula. Ya juya ta a hannu, ya leƙa cikinta, ya dube ni. Na ga maganar ta zo bakinsa. Amma dattawa suna zaune, kuma kyauta ce ta kakansa a makon farin ciki. Sai ya yi murmushi ya ce, "Tsoho ya yi abin kai." Ya sa hula, ya ɗora hular kwanon a kai, muka yi ta dariya.

Sauran a bakin Isiyaku na ji, bayan an dawo daga maƙabarta. Hular kwanon Isiyaku ta daɗe da tsagewa, an yi ta faɗa wa masu gonar ba su canza ba. Safiyar Talata Nura ya miƙa masa tasa mai kyau da tabarau ɗin, ya ce, "Riƙe wannan, ni Tsoho ya yi mini sabuwa." Ruwan da aka yi ya cinye gefen hanya. Motar ta zame ta kife da su biyu a kwazazzabo. Isiyaku ya tashi da karaya a hannu. Hular da na saya kuwa ta fice tun kafin kan Nura ya kai ƙasa. A can gefe aka tsince ta, ko ƙwarzane babu, sabuwar hular da na ba shi tana cikinta.

Isiyaku ya kawo mini ita a buhu. Ya ce, "Baba, ku ɓoye. Ba wanda ya sani sai ni, kuma ba zan faɗa ba."

Kwana uku ana zaman makoki, kowa yana cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda, ban ja da hukuncin Allah ba. Masu gonar ma haka suka ce da suka zo da buhun shinkafa, kuma ba wanda ya tambaye su zancen tsagaggiyar hula. Amma duk wanda ya riƙe hannuna ya ce Nura bai taɓa saɓa mini ba, sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Da ma ya saɓa mini sau ɗaya.

Ranar Asabar aka raɗa wa yaro suna, ba taro ba kiɗa. Aka mayar masa da sunan ubansa. Na shiga ɗakin da Rukayya, matar Nura, take jego da takaba a lokaci guda. Na ajiye buhun a gabanta na faɗa mata komai, har maganar mai shagon. Ina tsoron daga ranar ta hana ni ganin yaron, kuma da ta yi haka ba zan ga laifinta ba. Ta daɗe tana kallon jar hular. Sannan ta ce, "Na ce masa ta yi masa yawa. Ya ce in bar shi, Tsoho zai leƙo daga shago ya ga ya wuce da ita."

Na mayar da hular cikin buhu.

Ta ce, "Kaka, kun gama?"

Na ce na gama.

Ta ce, "To ku karɓi yaron nan, hannuna ya gaji."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba tukuna. Hular tana rataye a shagona yanzu, inda kowa zai gani. Wanda ya tambaya ina faɗa masa wanda ya saye ta da dalilin da ya sa ya saya.

Ya Allah, Ka ji ƙan Nura, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ladabin da ya yi mini ya zame masa haske. Ka ba Rukayya haƙuri, Ka warkar da Isiyaku, Ka raya wannan maraya bisa imani. Ni kuma Ka gafarta mini. Idan Ka ara mini kwana har yaron nan ya yi wayo, Ka ba ni ƙarfin faɗa masa da bakina, kafin ya ji a bakin wani. Amin.