Tarin da Ya Shigo ta Kujerar Baya

Shekara ashirin da bakwai yana ɗaukar fasinja a bakin filin jirgin sama, amma ko matakalar jirgi bai taɓa takawa ba. Abokan aikinsa direbobin tasi suna kiransa Ɗaga-Gilas, don mutum bai gama zama a motarsa ba zai ji an ce, "A ɗaga gilas, akwai sanyi." Na'urar sanyin motar nan ita ce abin tinƙahonsa. Taya ta cinye, ya lallaɓa. Kujera ta yage, ya shimfiɗa mata tawul. Amma ranar da sanyi ya ɗauke, to, ba shi ba fita aiki.

A cikin masu nemansa akwai wani ɗan kasuwa mai safarar kayan gyaran waya. Duk bayan wata biyu sai ya keta ƙasashe uku ko huɗu ya dawo, kuma ba ya yarda kowa ya kai shi garinsu sai Ɗaga-Gilas. Tafiyar awa biyar ce. A shekarar ƙarshe mutumin ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma tun daga filin jirgi har ƙofar gidansa tari yake yi a kujerar baya.

"Ranka ya daɗe, ka ga likita kuwa?"

"An ba ni magani a can. Na sha wata biyu, na ji sauƙi, na bari. Ina ni ina zaman jinya a ƙasar mutane?"

Ɗaga-Gilas ya yi masa sannu, ya miƙa masa ruwa, ya ƙara masa sanyi. Daga baya kiran ya daina zuwa, sai labarin rasuwarsa ya ji a bakin wani direba.

Nasa tarin ya soma a hankali. Ya ce mura ce. Ya ce tsufa ne. Sai da 'yarsa, wadda suke zaune gida ɗaya tun rasuwar matarsa, ta ga jini a hankicinsa, ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi a kan magani. Wata biyu yana haɗiyar ƙwayoyi, jiki sai baya yake yi. Aka sake gwada majinarsa.

Likitar ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Baba, ka taɓa fita ƙasar waje?"

Dariya ta so kama shi, tari ya riga ta.

"Ni? Likita, iyakata ƙofar fitowar fasinja."

Ta yi masa bayani cewa ƙwayar cutar iri-iri ce, kuma tasa mai taurin kai ce, ba ta jin maganin da aka saba bayarwa. Irinta ba a cika ganinta a nan ba, matafiya ke zuwa da ita daga nesa, kuma shan magani a yanke a tsakiya shi ke ƙara mata ƙarfi. Kai, duniya! Wanda ya sha yawon ya kwanta dama, wanda bai je ko'ina ba shi aka bari da tsaraba.

"Wa kake yawan zama da shi a wuri rufe?" in ji likitar.

Nan take fuska ɗaya ta faɗo masa a rai. Jikarsa ce, ɗiyar 'yar tasa, 'yar shekara biyar, wadda yake tsokana da Amarya. Kullum da safe shi ke kai ta makaranta kafin ya wuce aiki, tana zaune a gaba, gilas a ɗage, don ita ma ta koyi son sanyin. Duk watannin da yake cewa mura ce, tana gefensa.

Sabon maganin ya gajiyar da shi matuƙa. Tashin zuciya, jiri, ciwon gaɓoɓi, ga takunkumi a fuska, ga kwana a ɗaki shi kaɗai. Duk bai dame shi ba kamar ƙaramin tarin da ya fara jiyowa daga ɗakin 'yarsa. Ba ta taɓa ce masa shi ya jawo ba. Wallahi da ta faɗa, da ya fi samun sauƙi.

Ranar karɓar sakamakon gwajin yarinyar, shi ya kai su. Ya zauna a mota yana jira, tagogi huɗu a sauke, zufa na bin bayansa. Can sai ga su sun fito. Ya ga ledar da 'yarsa ta riƙo, ya kuma gane kwalayen da ke ciki, don irinsu ne a ƙarƙashin filonsa.

"Wata nawa?" ya ce.

"Da yawa, Baba. Mu je gida."

Amarya ta haye kujerar gaba, ta share goshinta da bayan hannu, ta ɓata fuska.

"Kaka, zafi nake ji. Ka ɗaga gilas mana."

Hannunsa ya tafi kan maɓallin da kansa, yadda ya saba shekara ashirin da bakwai. Ya janye shi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Yau da iska za mu tafi, Amarya," ya ce, ya tayar da mota.