Baba Fihirisa da Kalmar Mariƙi

Idan ka hau bene na uku a ginin kotu, ka wuce ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, ƙofar da ke biye ita ce ta laburare. Nan Baba Fihirisa ya yi shekara talatin da ɗaya. Lauyoyi ne suka laƙaba masa sunan, don a da idan lauya ya rasa inda wata kotu ta taɓa fassara wata kalma ta doka, sai ya hau benen nan yana haki ya tambayi Baba. Shi kuwa ko gilashinsa ba ya gyarawa, zai ce maka, "Kanta ta huɗu, koren littafin can, wajen shafi na ɗari biyu. Kuma ka yaga mini takarda ka gani, ni da kai ne."

Wannan fa da ke nan. Yanzu kowane lauya da rumbun hukunce-hukunce a wayarsa, ya rubuta kalma, shari'u ɗari su zubo masa kafin shayinsa ya huce. Wa zai hau matakala sittin don ganin tsoho? Sai a yi kwana uku ba wanda ya turo ƙofar in ba mai shara ba, ita ma gaisuwar ta fita hakki ce. Da aka dasa masa kwamfuta a tebur, kowa ya zaci zai lulluɓe ta da tsumma. Ina! Da yatsa ɗaya tsohon nan ya koye ta. Ya san yadda ake killace kalma don injin ya kawo ta ita kaɗai, ya san yadda ake tace shari'u da kotu da shekara. Sai dai ba mai zuwa ya gani, balle ya yaba.

A gida ma ba ta sake zani ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, ita ma ta rasu kwana tara da haihuwa, ta bar jaririya. Surukinsa yana aiki a nesa lokacin, don haka Baba ne ya riƙe yarinyar, wata maƙwabciya na taya shi da rana. Shi ya koyi haɗa madara, shi ya koyi kitso, mummunan kitso kuwa, wanda malamar makaranta ke tsefewa ta sake. Aku yake ce mata saboda surutu. Shekara biyar ɗakinsa bai san shiru ba.

Da surukin ya dawo gari ya kama gida, sai ya zo ɗaukar 'yarsa. Hakkinsa ne, ba mai ja. Amma Baba da baki! A gaban maƙwabta ya ce masa, "Ka zo girbin gonar da ba ka taɓa yi wa noma ba." Magana kuwa zarar bunu ce. Surukin ya sa yarinya a mota, daga ranar ya daina ɗaga wayar Baba. Wata goma sha ɗaya tsohon bai sa Aku a ido ba. Takalminta ɗaya da ta manta yana nan a bayan ƙofa, in ya zo shara sai ya zagaye shi.

Akwai wata barista da ya taimaka wa tun tana ɗaliba, ita ya samu da maganar. Ta ce doka ta yarda iyaye ko mariƙin yaro su roƙi kotu ta ba su damar ganinsa. Matsalar ita ce dokar ba ta faɗi wane ne mariƙi ba, shi kuma Baba ba shi da wata takardar kotu da ta taɓa damƙa masa riƙon. "Sai mun samo inda wata kotu ta fassara kalmar," in ji ta. "Wannan kuwa gonarka ce, Baba."

Washegari tun kafin masinjoji su iso ya buɗe kwamfutar. Ya killace kalmar, shari'u ɗari uku da 'yan kai suka fito. Ya tace, ya bar na manyan kotuna da suka shafi yara, suka koma arba'in. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana karanta hukuncin kansa, don shi bai taɓa yarda da taƙaitawar da ake sawa a sama ba. Rana ta uku da hantsi ya same ta. Wata kaka ce ta raini jikanta shekara huɗu babu takarda, alƙali ya ce mariƙi shi ne wanda ya ci da yaro ya tufatar da shi ya yi jinyarsa, ko da takarda ko babu. Baba ya karanta sakin layin sau uku, hawaye ya hana shi na huɗu. Ya rasa wanda zai faɗa wa, sai ya tare mai shara a baranda ya karanta mata, ita kuwa ta ce Allah ya sa alheri ta ci gaba da goge ƙasa.

Barista ta yi murna. Ta duba a wayarta, babu jar alamar da rumbun ke sawa a gefen hukuncin da aka soke. Ta ce ranar Litinin za ta shigar da ƙara.

Da wani ne, da magana ta ƙare. Amma Baba yana da wata al'ada tun zamanin littattafai: ba ya miƙa wa lauya hukunci sai ya bi sawunsa gaba ya ga abin da ya same shi. Ba don yana zargin komai ba, hannunsa ne kawai ya saba. Ya kwafi lambar shari'ar ya saka ta ita kaɗai a wurin nema. Abu ɗaya ya fito, daga kotun ɗaukaka ƙara, bayan shekara biyu. A shari'ar yara ana ɓoye sunaye a sa haruffa, wannan kuma da wasu haruffa dabam aka shigar da ita, shi ya sa injin bai haɗa su ba. Lambar shari'ar farko tana can ƙasa cikin ƙananan rubutu. Alƙalai uku sun soke hukuncin farko, sun ce ba mariƙi sai wanda kotu ta naɗa.

Barista ba ta gani ba. Lauyan surukinsa, in ma ya ɗauki lauya, jar alama kawai zai duba. Duk ginin nan shi kaɗai ya sani, kuma abin da ake nema a wurinsa ya yi shiru kawai. Wallahi ya so ya yi shirun. Har ya kashe kwamfutar ya ɗauki hularsa. A bakin matakala ya tsaya, ya yi tsaki, ya koma ya kunna ta ya buga hukuncin a takarda ya kai wa barista.

Barista ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa. "Haba Baba! Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, 'yata."

"Ka san da wannan ba mu da ƙara?"

"Na sani. Amma ba zan tura ki gaban alƙali da mataccen hukunci ba. Ban taɓa yi wa kowa ba, ba zan fara a kanki ba."

Ranar Asabar ya sa rigarsa mai kyau ya tafi gidan surukin, ba lauya ba takarda. A bakin ƙofa, tsoho da furfurarsa, ya ba sa'an ɗan cikinsa haƙuri. Surukin ya sunkuyar da kai ya ce ba komai Baba, abin ya wuce, amma bai ce masa ya shigo ba. Ya ce zai iya zuwa ranar Asabar ɗin farkon wata, nan bakin ƙofa, matuƙar ba a sake tayar da tsohuwar magana ba. Sannan ya leƙa ciki ya kira ta.

Ta ƙara tsawo, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Ta tsaya nesa kaɗan tana murza gefen rigarta.

"Kaka, Abba ya ce kai ne ba ka son zuwa."

Baba ya ɗaga ido. Surukin yana jingine da ƙofa, yana jiran ya ji amsa. Tsohon ya durƙusa da ƙyar har fuskarsa ta zo daidai da tata.

"Ba haka ba ne, Aku," ya ce. "Aiki ne ya yi mini yawa. Mutane ne kullum cike da ofis, ba sa bari na in motsa."