Ɗakin Mama da Kifayen Velia

A unguwarmu, can gefen Roma ta hanyar teku, kowa ya san ƙa'idar haƙa. In shebur ɗinka ya bugi abin da ba kai ka binne ba, ka waiga ka ga ko akwai mai kallo, sannan ka zuba kankare ka yi gum. Duk inda ka tona a ƙasar nan sai ka ci karo da tulu ko ƙafar gunki, kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. Ranar da hukumar kayan tarihi ta ji labari, ranar gininka ya tsaya, sai dai jikokinka su ƙarasa. Wannan karatu a nono muka sha shi. Mutum ɗaya ce a danginmu bai shige ta ba, wato Velia, 'yar yayana Nazzareno. Ni goggonta ce, a hannuna ta girma, kuma har gobe ban yafe mata ba.

Tun tana ƙarama aljihunta ba ya rabuwa da tsingaro. Sauran yara na tsintar ɓaure, ita tana tsintar fasassun tukwane tana jera su a taga. Ubanta magini ne, ya ci burin ta zama likita. Da ta isa shiga jami'a sai ta ce ita Romawan dā za ta karanta, gine-ginensu da gumakansu. Daga nan muka daina cin taliyar Lahadi cikin kwanciyar hankali.

"Baba, ka san simintinsu ya fi naku ƙarko?"

"To ki je su ciyar da ke mana," in ji shi. Amma a bayan idonta da ita yake cika baki a shagon kofi.

Ana haka mahaifiyarmu ta zame a bene ta karye a ƙugu. Gidan Nazzareno a sama yake, matakalarsa kamar tsani, ni kuwa ɗaki ɗaya gare ni a hawa na huɗu. Dole muka kai ta gidan tsofaffi. Suna kula da ita, ban ce ba sa yi ba, amma duk zuwan da na yi magana ɗaya ce.

"Iolanda, yaushe za ku kai ni gida? Ba na son in mutu inda ba wanda ya san sunan mijina."

Sai Nazzareno ya tuge tumatirinsa na bayan gida don ya gina mata ɗaki a ƙasa, mai faɗin ƙofa saboda keken guragu, da taga tana kallon bishiyar ɓauren da babanmu ya dasa. Bai yi nisa da haƙan harsashi ba shebur ya yi ƙara. Ya aiko aka kira ni. Muna tsaye a bakin ramin muna shawara sai ga Velia ta dawo daga makaranta. Kafin mu ankara ta dira ciki da soso da bokitin ruwa. Tana gogewa, daɓe na fitowa, na ƙananan duwatsu farare, da baƙaƙen kifaye suna bin juna. Kyau kam yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma kifin dutse ba ya shiga tukunya.

"Fito," in ji ubanta. "Jibi motar kankare za ta zo. Ba ki ga komai ba."

"Baba, wannan ya girmi duk cocin da ke garin nan. Kankare za ka zuba masa?"

"Uwata zan ɗora a kansa. Ba ta isa ba?"

"Mutanen hukuma ba za su daɗe ba. Aunawa kawai za su yi su ɗauki hoto."

Na ce, "Ke 'yar nan, su wa kika taɓa gani sun auna sun tafi? Je ki dubi kangon Amedeo mai gyaran mota, har bishiya ta fito a ciki."

"Goggo, ke ba za ki gane ba."

"Ƙwarai. Ai ni ba a biya mini kuɗin makaranta don in zo in rushe gidanmu ba."

Ta fito tana share hawaye da hannu duk laka. Na ɗauka magana ta shige ta, ashe wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Washegari ta ɗauki hoton daɓen ta kai wa malaminta. Motar kankare ta iso ta tarar da mutanen hukuma sun riga ta, sun zagaye bayan gidan da leda mai ja da fari.

Ban taɓa ganin aikin ganin dama irin nasu ba. Ƙatti da 'yan mata sanye da malafa, kowa na durƙushe da ɗan buroshi kamar mai wanke haƙorin jariri. Su tankaɗe ƙasa, su zana, su tafi hutu. Ruwan sama ya zo su ce sai rani, rani ya zo su ce suna jiran sa hannun wani. Velia ce kan gaba, a kan daɓen ma ta rubuta littafin gama karatunta, aka yaba mata. Ɓauren ya yi 'ya'ya ya zubar, ya sake yi. Nazzareno ya daina leƙa tagar baya.

Tana zuwa gaida kakarta, wannan kam ba zan musa ba. Wata rana ina zaune ta miƙa mata hoton.

"Kaka, dubi abin da ke bayan gidanmu."

Mama ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana kallo.

"Sun yi kyau," ta ce. "Su dai sun samu wuri."

Cikin sanyin da ya biyo baya ta rasu, a gadon da ba nata ba. Kamar yadda aka saba, motar gawa ta biyo ta ƙofar gida kafin coci, ta ɗan tsaya, aka buɗe ƙofar gidan don mamaciya ta yi sallama. Ta cikin ƙofar kana hango ledar nan tana kaɗawa. Wannan ne komawar Mama gida. Velia ta matso za ta riƙe hannuna, na janye abina.

Yanzu tana bin masu gyaran titi da hular kwano, tana leƙa ramukansu ko za ta ga abin tsayar da aiki. Lahadi takan zo. Ina ajiye mata faranti don Mama ba ta koya mana hana abinci ba, amma gishiri ma ba na miƙa mata.

Da bazara hukumar ta yanke shawara. Ba inda za a kai daɓen, ba kuma mai gadinsa, don haka hanyar da ta fi kare shi ita ce a mayar da shi yadda aka same shi. Velia da kanta ta shimfiɗa ƙyalle a kan kifayen, ta ɗauki shebur tana zuba yashi. Nazzareno ya sauko, karo na farko tun ranar da aka ɗaura ledar, ya tsaya hannu a aljihu har kifi na ƙarshe ya ɓace.

"Binnewa kuke yi?"

"Haka ya fi masa, Baba."

"Ni ma abin da na ce ke nan."

Ta tsaya riƙe da shebur, ta kasa ɗaga kai.

"Sun ce yanzu kana iya gini a kai, in ba za ka yi zurfi ba."

Ya dubi yashin, ya dubi ɓauren.

"In gina wa wa?"