Ranar da Hajiya ta Tona Asirin Babbar Riga

Ko komai zai ɓace mini, ranar da Farfesa ta shigo gidanmu a unguwar Wambai da ’yar na’urarta ta ɗaukar murya ba za ta ɓace ba.

Farfesa maƙwabciyarmu ce, Bakanuwa, tana koyarwa a wata jami’a a Abuja, tsadar haya ta koro ta Suleja kamar kowa. Tun tana budurwa take bin tarihin silima a Arewa. Ta tara tsofaffin fastoci da fayafayen da ɓera ya ɗanɗana, ta yi rubuce-rubuce, ta yaye ɗalibai. Amma a unguwa abin da aka sani kawai shi ne ana biyan wata mata albashi don ta kalli fim. Babana kan ce, “Kallon ma har da farfesa? Allah ya kyauta.”

A lokacin tana rubuta littafi, akwai babi guda kan mata da gidan silima. Ta yi shekaru tana neman mace ɗaya da za ta ce ta shiga silima a zamanin da, ba ta samu ba. Abokan aikinta maza suka ce ta daina wahalar da kanta, ba matar kirkin da ta taɓa leƙawa. Masu buga littafin kuma suka ce in babu shaida, sai a cire babin.

Ni na kai ta wajen kakata Hajiya, mahaifiyar Baba, wai ko za ta tuna inda tsohuwar silimar garin take. Ban sa rai da komai ba, don Hajiya ko talabijin ba ta bari a kunna a gabanta.

Bayan la’asar muka same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, Baba yana gefe yana jan carbi. Aka gaisa, Farfesa ta kunna na’ura ta ce, “Hajiya, ko kin taɓa jin labarin macen da ta shiga silima?”

“Labari kuma? Ni na shiga.”

Carbin Baba ya tsaya.

Ta ci gaba da ɓararta ta ce, “Babbar rigar yayana nake zurawa, in naɗa rawani, in riƙa taunar goro ina tofarwa kamar namiji. Da ƙawayena muke zuwa, duk sun rasu, Allah ya jiƙan su. Ɗaya ma daga baya liman ta aura.”

Baba ya yi gyaran murya. “Inna, ana fa ɗaukar maganarki.”

“To ta matso da abin kusa. Kai kuma yi shiru, a can na haɗu da ubanka. Ya zauna kusa da ni, yarinyar fim tana kuka yana taya ta, har yana share hanci da hannun rigata. Na ce a raina, wannan ba zai iya dukan mace ba.”

Kakan nan namu da hotonsa kawai ke sa mu gyara zama a falo. Na tura kaina cikin mayafi ina kyarma don dariya.

Baba ya roƙi Farfesa ta goge, ya ce yana da mutunci a unguwa. Ta ce masa, “Alhaji, a aikinmu mai murya ke da iko da muryarsa.” Hajiya ta ce a bar shi yadda yake, kuma in an tashi rubutawa kada a ce ta yi nadama, ba ta yi ba.

Babin ya tsira. Kafin wata ya kama, tsofaffin matan unguwa sun fara zuwa gidan Farfesa ɗaya bayan ɗaya, wai sun zo gaisuwa, sai su nemi a rufe ƙofa. Baba ya ɗan ƙaurace wa majalisa, sannan ya koma.

Hajiya ta rasu kafin littafin ya fito. Yanzu Baba ne ke aika ni in karɓo masa muryar nan, ya rufe ɗaki ya saurara, wani lokaci in jiyo shi yana dariya.

Na girma a gaban Hajiya, amma ban taɓa tambayarta komai ba sai yaya ƙafa, yaya baya. Tun daga ranar, in na zauna da tsoho, tambayarsa nake yi me ya aikata da ƙuruciyarsa, tun yana da bakin ba ni amsa.