Hatimin Kakana a Gaban Farfesa 'Yar Sin

Katsina, 5:30 na asuba

Daga masallaci na wuce tasha, littafin hatimai na kakana a cikin jaka. Wata farfesar lissafi 'yar ƙasar Sin, wadda duniya ta sha karramawa, ta sauka Kano, yini ɗaya tak, za ta zaɓi ɗalibi guda da zai je karatu Sin. Sau biyu ina neman irin wannan gurbi ina faɗuwa, kuma bana shekaruna suka kai iyakar da aka sa. Mako guda na yi a Ƙofar Kwaya ina lallashin Kawu Sani, mai ajiyar littafin.

"Kai dai ka faye naci," in ji shi. "Ɗauka, amma kada mara alwala ya taɓa shi."

Kankiya, 6:50

A shinge wani jami'i ya sa na buɗe jaka. Tsofaffin takardu! Ya ce sai ofis, ni kuwa ƙarfe goma ake jirana.

Direbanmu ya leƙo. "Ranka ya daɗe, hatimi ne fa. Ni dai ba ruwana."

Mutumin ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, har da roƙon addu'ar ƙarin girma. Na yi masa, muka wuce. A Bici na ci ƙosai a tsaye.

Kano, 9:55

Kilomita ɗari da saba'in, na shiga ɗakin ganawar ina haki. Farfesa tsohuwa ce 'yar firit. Ta miƙo hannu, na janye littafin. Shi ke nan, na ce a raina, na ɓata rawata da tsalle. Na faɗa mata sharaɗin Kawu.

Sai ta mayar da hannayenta baya, ta sunkuya. Ta haɗa lambobin wani hatimi mai gidaje tara: tsaye, kwance, karkace, duk goma sha biyar. Ta ce kakanninsu ma suna da shi, wai a bayan kunkuru suka gan shi.

Ta kalli wani hatimin. "Wannan babban fa, yaya kakanka ya gina shi?"

Na ɗauki alli na nuna mata. Ban gama ba ta ce in maimaita sunana a hankali, tana rubutawa.

Katsina, bayan la'asar

Kawu na tarar a zaure.

"To, ta gane karatun?"

"Ta gane, Kawu. Ni ta ɗauka."

"Ikon Allah. Ashe Malam kakanka zai yi almajirai har Sin."

Alhamdu lillahi. Direban nan ma, Allah ya saka masa da alheri.