Man da Ya Zuba

Ɗana na fari ne ya sayi mashin ɗin, ƙaramin roba-roba ja, shekarar da ya samu aikin koyarwa a wata firamare kusa da Sanyinna. Mu muna zaune a gefen garin Kebbe. Ranar Juma'a da yamma yakan dawo gida, Lahadi ya koma. Kafin a gan shi ana jin sa, domin kukan mashin ɗin siriri ne, ba irin na manyan baburan 'yan kabu-kabu ba.

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Haka na taras, haka ma mahaifiyarsa ta taso. Ni nakan ce "yaron nan", ita kuwa ko wannan ba ta faɗa, sai dai ta nuna ɗakinsa da haɓa. Ba mu zama tabarma ɗaya da shi. In ya gaishe ni na amsa, ya ajiye abin da ya kawo, ya tashi. Idan zai yi wa mashin ɗin juyen baƙin mai, a gindin bedi, wato dogonyaron ƙofar gida, yake yi da safiyar Asabar, ni kuma ina bakin zaure da rediyo a kunne, ina kallonsa ta gefen ido. Yakan tayar da mashin ya bar shi yana kuka shi kaɗai na ɗan lokaci kafin ya kashe ya durƙusa. Na sha mamakin wannan, amma ban taɓa tambayarsa ba.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a tsakiyar damina, bai tashi ba. Ba shi da aure. Ƙannensa duk mata ne, suna gidajen mazajensu. Da aka raba abin da ya bari, mashin ya faɗo mini, ni da ban taɓa tuƙa abin da ya wuce keke ba. Bayan an cire amfanin gona na riƙa tura shi filin bayan gari ina koyo ni kaɗai. Na faɗi, na kurje gwiwa, na fasa madubi ɗaya. A hankali na iya. Da shi nake zuwa kasuwa, da shi nake kai mahaifiyarsa asibiti auna jini.

Na san ana duba mai, don na ga yana yi. Nakan zare sandan nan na awon mai in duba, in ya yi ƙasa in sayo sabo in ƙara a kai. Amma notin ƙasa, wanda ake kwancewa tsohon ya zube, ban taɓa shi ba. Ba rashin sani ba ne. Asabar ɗin ƙarshe kafin ya kwanta ya yi juye, ina bakin zaure ina gani. Man da ke cikin injin shi ya zuba da hannunsa. Tufafinsa an rabar, littattafansa an kai wa makarantar, ɗakin an rufe. Wannan kaɗai ya rage yadda ya bar shi.

Wata rana na je Tambuwal sayen gishirin shanu, birki ya yi sanyi, na tsaya wajen wani bakanike da suka yi makaranta tare da yaron. Ya ɗaure birkin, sannan ya zare sandan awo ba tare da na sa shi ba. Ya murza man tsakanin yatsunsa.

"Baba, wanga mai na ko kwalta?"

Na ce ina ƙara masa sabo.

"Ƙari kake yi bisa tsoho? Ai kamar ka dama fura cikin ƙwaryar da ba a wanke ba tun bara. Bari in kwance shi yanzu, ba daɗewa za a yi ba."

Ya riga ya ɗauko sifana. Na ce ya bari. Ya ce in don lokaci ne, kafin in sha ruwa ya gama. Na sake cewa ya bari, kuma ina jin muryata ta fi yadda na so ƙarfi, don mai facin da ke gefe ya ɗago kai. Bakaniken ya dube ni, ya ajiye sifanar a hankali.

"Shi ya yi na ƙarshe, ko? Nan wajena ya sayi man."

Ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa.

"Allah shi jiƙan shi. Amma Baba, in anka bar shi haka, ba ya kai damina. Injin zai buga. In ya buga, ko an gyara ba ya komawa yadda yake."

Ya ɗauko sabuwar robar mai ya ɗaure mini a bayan mashin, ya ce duk ranar da na ga dama. Ya faɗa mini yadda ake yi, ina jinsa kamar ba na ji. Robar ta yi makonni a bayan ƙofar zaure.

Wani yammaci na dawo daga gona, na shigo da mashin, na tarar da mahaifiyarsa tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, kukan abin nan ya sake."

Na ce mata hanya ce ba kyau.

"Da tun daga bakin fadama nike gane shi. Jiya na ɗauka baƙo na."

Ta ci gaba da tankaɗe. Tun rasuwar ba ta taɓa yin maganar mashin ba sai ranar. A lokacin na gane tana sauraronsa kowace yamma, kamar yadda take yi da can ranar Juma'a.

Asabar da safe na fito da shi gindin bedi. Kayan aikin suna ƙarƙashin wurin zama, naɗe cikin wata tsohuwar singileti ta yaron. Na tayar da mashin na bar shi yana kuka, domin bakaniken ya ce mai in ya ɗumama ya fi gudu, yakan fito da dattin da ya kwanta. Ashe abin da yaron yake yi ke nan. Na tsaya inda yake tsayawa, na dubi bakin zaure. Ba nisa. Daga nan ana ganin mutum sarai, har inda idonsa yake kallo.

Na kashe, na ɗora mashin a kan babbar ƙafarsa, na tura yankakkiyar jarka ƙarƙashi. Notin ya ƙi. Yaron ya ɗaure shi da ƙarfin saurayi, sai da na kwanta gefe ɗaya a ƙasa na sa hannu biyu. Da ya saki, man ya bi yatsuna da ɗumi, baƙi ƙirin, har cikin hannun riga. Ɗan zoben notin ya faɗa cikin jarka, na laluba na ciro shi. Na zauna ina kallo yana zuba, ya koma siriri kamar zare, ya koma ɗigo. Na karkata mashin kamar yadda na ga yana yi, wani ɗan ya sake fitowa. Na jira fiye da yadda ake bukata.

Na mayar da noti, ban matse shi da yawa ba. Na yanke bakin gorar ruwa na yi mazurari, na zuba sabon man kaɗan-kaɗan ina aunawa har ya kai alama. Ruwan zuma ne launinsa, ana ganin ƙarfe ta cikinsa.

Tsohon man ban zubar ba. A wajenmu ana shafa shi ga itace saboda gara, kuma na lura gara ta fara hawa ƙyauren ɗakin yaron. Na naɗa tsumma a kara, na shafe ƙyauren sama da ƙasa, na shafe dogarin ƙofar, ragowar na bi azarar bakin ƙofa da shi. Itacen ya sha har ya yi duhu. Warin bai bar wurin ba sai bayan ruwan farko.

Da la'asar na hau mashin na tafi har ƙetaren fadama, ba don ina da wani aiki can ba. Na juyo a hankali, na bi hanyar da yaron yake biyowa. Da na shigo, mahaifiyarsa tana zaune bakin madafa, ludayi a hannunta, tukunya tana tafasa ba ta juya ba. Na kashe mashin. Sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," ta mayar da ludayin cikin miya.