Drayar Gidan Maijego a Largo

Jama'a, Hajiya ta fasa tafiya! Draya ta yi zafi, taima ta juya, Larabar da aka ce za a kai ta filin jirgi ta zo ta wuce tana nan daram. Kuma ni Fa'iza, ni na kunce injin nan da hannuna, ni kaɗai, ba Oga a kaina. Ku bar ni in gama tsallena tukuna, sai in mayar da ku farko.

Ga waɗanda ba su san ni ba a zauren nan, ɗaliba ce ni, shekara ta biyu a kwaleji, lantarki nake karantawa. Asabar da Lahadi ina aiki a wani ɗan shago a Landover, nan ƙasar Turawa, muna gyaran firji da injin wanki da draya, wato injin busar da kaya. Mu uku ne. Oga Mumuni mai shagon, mutumin Kumasi, sai babban makaniki ɗaya, sai ni a ƙasa. Dokar shagon, sabon hannu ba ya fita aiki shi kaɗai sai ya shekara. Ni watana takwas.

Asabar ɗin nan ta tsakiyar Janairu, ko na tsufa ba zan manta da ita ba. Da hantsi wani Malam Nura ya bugo daga Largo. Ya ce drayarsu tana juyawa amma ba zafi, taima kuma, wato agogon injin, ta kafe wuri ɗaya. Matarsa ta haihu kwana goma sha biyu, surukarsa ta zo daga Funtuwa wankan jego, injin kuma yana jikin ɗakin maijegon. In akwai mace, ya fi so.

Oga ya ajiye waya ya dube ni.

"Injiniya, in kin je me za ki fara yi?"

"In cire wuta, Oga."

"Sai me?"

"In sake dubawa ko na cire."

Ya miƙo min makullin motar shago. "Je ki. Amma ki ji, fiyus ba ya mutuwa haka kawai. In kin same shi a mace, nemo min wanda ya kashe shi."

Na ɗauki jakata, na kama hanyar Largo.

Ina shiga gidan na ga ikon Allah. Ko'ina shanya. Kayan jarirai a bayan kujeru, zannuwa a jikin ƙarfen bene, tawul a kan ƙofofi. Na yi barka, na durƙusa na gai da Hajiya, surukar tasa. 'Yar gajeriyar tsohuwa ce, tsaf da ita, amma hannunta duk ya tsage. Kwana biyar ke nan tana wanki a bahon wanka tana matsewa da hannu, wai ba ta sake taɓa wani inji a gidan.

Ta ƙare min kallo, ni da hijabina da jakar kayan aiki.

"Ke ce mai gyaran?"

"Ni ce, Hajiya."

"'Yar ina ce ke?"

"Zariya."

"Oh, ni Asabe. A Zariyan aka koya miki kunce inji?"

Malam Nura har ya sayo sabuwar taima a intanet, tana cikin kwalinta. Ya ce ya kalli bidiyo, ya tabbata ita ce, sakawa kawai zan yi. Na ce to, bari mu gani.

Kafin in fara, Anti Rahama, maijegon, ta yafito ni ɗaki. Ta rage murya.

"Ƙanwata, Mama ta ce a canza mata tikiti, Laraba za ta koma. Ita da ta zo sai mun yi arba'in. Ta ƙi faɗin dalili. Tun ranar da drayar nan ta tsaya ko abinci ba ta ci sosai." Sai hawaye. "Haihuwata ta fari ce fa. Ko wankan jariri ban iya ba. In ta tafi, wa gare ni a garin nan?"

Na ce Allah ya kyauta, na fito na kama aiki.

Sababbin hannu, ku biyo ni a nan, a jere ake yi.

Na fara da taima, tunda ita ake zargi. Taimar draya tana da gefe biyu. Akwai na minti, inda kike cewa ta yi arba'in ko sittin. Akwai kuma na kai-da-kai, inda taimar take jira sai cikin injin ya ɗau zafi sannan ta matsa. Tasu a kan kai-da-kai take. Na murɗa ta zuwa na minti, na kunna, na tsaya ina kallo. Minti biyar, ta matsa abinta. Ke nan lafiyarta ƙalau, zafi take jira bai zo ba. Na ce wa Malam Nura kada ma ya buɗe kwalin nan, ya mayar musu. Ya sosa ƙeya.

Na biyu, akwatin wutar gida. Draya makunni biyu gare ta a haɗe. In ɗaya ya faɗi, za ta yi ta juyawa ba zafi. Na duba, duka a tsaye suke.

Na uku, na cire wuta, na sake dubawa na cire, na janyo injin, na kunce bayansa. Muna da 'yar mita, in kin ɗora ta a wayar da ba ta tsinke ba sai ta yi tsuwa. Na ɗora a wayar da ke ba da zafi, ta yi tsuwa. Na ɗora a ɗan fiyus ɗin da ke jikinta, shiru. Na sake, shiru. Wayyo daɗi! Na kama shi! Ga sabo a jakata. Saura kaɗan in saka in tattara in tafi ina taƙama. Sai na ji muryar Oga a kunnena, wa ya kashe shi?

Aikin fiyus ɗin nan ɗaya ne. In zafi ya yi yawa, ya ƙone ya yanke wuta kafin gida ya kama. Zafi kuwa yana taruwa ne in iska ba ta samu hanyar fita ba. Na zare bututun da ke kai iskar waje. Tabɗi. Cike yake da audugar kaya, jiƙe sharkaf, ta cure kamar tuwo. Na sa jaket na zagaya bayan gida in ga bakinsa.

Murfin bakin bututun, ɗan marfin da iska ke turawa ya buɗe sannan ya koma ya rufe, ya karye, yana reto. A cikin ramin kuma an cusa ƙyallen atamfa, an lulluɓe da ledar burodi, an ɗaure tamau. Ɗauri mai kyau, irin na ƙullin daddawa. Atamfar kuma na gane ta, irin ɗankwalin da ke kan Hajiya ce.

Ina ɗagowa, ga ta a ƙofar baya, cikin sanyin nan, da silifa.

"Kin gani ko?"

"Na gani, Hajiya."

"Iska ce ke shigowa ta ƙarƙashin injin nan, tana bi ta ƙasan ƙofa har gadon yarinyar nan." Ba ta faɗin sunan Anti Rahama, 'yar fari ce. "Ɗanyen jiki gare ta. Na yi ta bi da tafin hannuna har na fito nan. Na toshe. Kwana biyu inji ya mutu. Ni na san ni ce."

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Hajiya?"

"In faɗa wa wa? Na zo gidan suruki in taimaka, na ɓata masa kaya. Da wane ido zan dube shi? Garin nan komai na taɓa sai ya yi ƙara. Rannan turare na sa a ɗaki, abin nan na jikin rufi ya yi ta ihu har maƙwabta suka fito. Gara in koma inda na san kan abubuwa, kafin in yi babba."

Wallahi sai na ga kakata. Na kama hannun nan nata mai tsagewa, sanyi ƙarara. Na ce mata gaskiya biyu zan faɗa mata. Ta farko, toshe bututun nan haɗari ne, da fiyus bai ƙone ba gobara ake magana. Ta dafe ƙirji tana salati. Ta biyu, sanyin da ta ji gaskiya ne, murfin ne ya karye, kuma duk gidan ita kaɗai ta bi shi har ta gano. Na ce a takardar aiki dole in rubuta abin da na gani, amma ba sai na sa sunan kowa ba. Ta juya ta koma ciki.

Na sami Malam Nura a falo na yi masa bayani: murfi ya karye, bututu ya toshe, fiyus ya ƙone.

"Me ya toshe shi? Tsuntsu ne ya yi sheƙa?"

Na fara in-ina. Sai muryar Hajiya daga kicin, ta juya mana baya.

"Fa'iza, gaya masa ni ce."

Malam Nura ya tashi, ya je bakin ƙofar kicin, ya durƙusa har ƙasa, kansa a sunkuye.

"Mama, tun Nuwamba nake jin sanyin nan a ƙafata. Kullum in ce gobe zan duba. Ke kwana uku kika yi kika gano inda yake fitowa. Laifina ne da na bar ki kika fita cikin ƙanƙara kina neman rami. Ki yafe min."

Anti Rahama ta fito riƙe da jariri, tana kuka tana dariya. "Mama, rabu da shi. Shi da ya kalli bidiyo goma ya je ya sayo abin da bai lalace ba!"

Hajiya ta sa bakin mayafi ta rufe fuska, amma na ga kafaɗarta tana motsi.

Sauran shap-shap ne. Na sa sabon fiyus, na zura dogon buroshi na yashe bututun, na ɗauko sabon murfi a mota na ɗaura. Sannan na ce Hajiya ta zo ta duba aikina, tunda ita ce sufeto. Inji a kashe, ta sa tafin hannu a ƙarƙashinsa, ba iska. Na kunna muka zagaya baya, marfi ya ɗaga, iska mai ɗumi tana busowa. Na kashe, ya koma ya rufe ruf. Ta ce in sake. Sau uku muka yi. Na nuna mata 'yar ragar da ake zarowa a share bayan kowace busarwa, na ce ita na ba wa wannan aikin. Ta ce ai ko ban faɗa ba.

Kayan farko da suka fito, ita ta buɗe da kanta. Ta zaro shawul ɗin jaririn, ta manna a kumatunta, ta daɗe a haka. Sannan ta karɓe shi ta naɗe.

"Angona, ka ji ɗumi? Kai dai ka fiye son jiki."

Anti Rahama ta ce a hankali, "Mama, maganar tikitin fa?"

"Wane tikiti? In tafi in bar miki mijina ki wanke shi kamar kwano?"

Ba su bar ni na fita ba sai da na sha kunun kanwa kofi biyu. Da na koma shago na zayyana wa Oga komai, sai ya ce, "Gobe akwai firji a Silver Spring. Ke kaɗai." Ban san lokacin da na yi ihu ba.

Abin da na koya, taimar da kowa ke zargi ba ta yi komai ba, kuma da na canza fiyus na tafi, da sati bai cika ba ya sake ƙonewa, Hajiya kuma tana Funtuwa da abin a ranta. Ku zagaya bayan gida. Ku tambayi mutanen gidan, musamman wanda ya fi kowa yin shiru. Iyayen nan namu da ke zuwa, ba rashin wayo ke damunsu ba, ba wanda ya zauna ya nuna musu ne.

Ɗazu Anti Rahama ta turo min hoto, Hajiya riƙe da ragar draya fes, wai a nuna wa 'yar Zariya.

Don Allah ku tura wa duk wanda mamarsa ta zo masa a sanyin nan. Kada a toshe bututun draya, murfin za a canza. Ku tura.